Awon Ruwa da Rabonsa a Garaken Matameye

Ruwan da ake bai wa shuka yana da ma'auni, kamar yadda hatsi yake da tiya a kasuwa. Abin da ake aunawa a magudana shi ne yawan ruwan da ke wucewa ta wuri guda cikin ƙayyadadden lokaci, kuma ana lissafa shi da lita a sakan ɗaya. Kayan wannan aiki iri biyu ne. Akwai masu gaya wa manomi nawa ne yake gudana, akwai kuma masu tare ruwan, su rage shi, ko su karkata shi zuwa inda ake so. Kowane iri yana buƙatar ɗan'uwansa, domin wanda bai san yawan ruwa ba, buɗe ƙofarsa da rufe ta duk kirdado ne.

Yanayin yankin

Matameye ita ce hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, a kan hanyar da ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Najeriya zuwa Daura. Damina a nan gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu, amma Allah ya hore wa yankin kwarin Korama da rassansa, inda ruwan ƙasa yake kusa, har akan tarar da tafkuna da ke daɗewa ba su ƙafe ba. A kan wannan ruwa aka kafa garaken rake da rogo da dankali da kabeji da tumatir da albasa, a wurare irin su Dungu da kewayen Matameye kanta. Galibin ban ruwan yankin na ƙananan garake ne. A da jigo da guga ake amfani da su, yanzu kuwa ƙaramin injin fetur da famfo mai aiki da hasken rana sun mamaye aikin.

Abubuwa uku ne suka sa awo ya zama dole a irin wannan wuri. Ƙasar rairayi ce, tana shanye ruwa tun kafin ya kai fangalin ƙarshe. Kowace lita da inji ya ɗago kuɗin mai ce. Sannan a wasu sassan kwarin akwai kanwa da gishiri a ƙasa, waɗanda ke hawowa sama idan ruwa ya yi yawa ya kwanta, rana ta busar da shi ta bar farin ɓawo a kan fili.

Lissafin da awo ya dogara a kai

Ruwa mai zurfin milimita ɗaya da ya rufe hekta guda daidai yake da lita 10,000. Idan shuka tana shan milimita 6 a rana, garka mai faɗin rubu'in hekta tana buƙatar lita 15,000 a wannan ranar. Injin da ke fitar da lita 5 a sakan zai ba da wannan adadi cikin minti 50, sai a ƙara masa lokaci gwargwadon abin da ke ɓacewa a hanya. Manomin da ya bar irin wannan inji yana aiki awa uku a garkar ya zuba fiye da ninki uku na abin da shukarsa take buƙata. Rarar tana nutsewa ƙasa da saiwa, ta tafi da takin da aka saya.

Hanyoyin awo masu sauƙi

Mafi sauƙi shi ne duro da agogo. Ana juya bakin mesa cikin duro mai cin lita 200, a duba sakan nawa ya ɗauka kafin ya cika. Idan ya cika cikin sakan 40, injin yana ba da lita 5 a sakan. Ana maimaita gwajin sau uku a ɗauki tsaka-tsaki. Yana da kyau a sake shi a tsakiyar rani, saboda idan ruwan rijiya ya ja da baya, ƙarfin injin ma yana raguwa.

A buɗaɗɗiyar magudana kuwa, ana amfani da abu mai yawo a kan ruwa, kamar guntun kara ko murfin kwalba. Sai a zaɓi miƙaƙƙen wuri mai tsawon mita 10, a jefa karan, a ƙidaya lokacin da ya ɗauka. Idan ya yi sakan 25, gudun saman ruwan santimita 40 ne a sakan. Da yake ruwan da ke ƙasa da na gefe yana gogar bango yana tafiya a hankali, ana ɗaukar kashi 80 cikin 100 na wannan gudu, wato santimita 32. Daga nan a ninka shi da faɗin ruwan da zurfinsa. Magudana mai faɗin santimita 40 da zurfin ruwa santimita 20 za ta ba da kusan lita 26 a sakan. Awon ba ya fita cif, amma ya isa ya nuna ɓarna. Idan aka yi shi a bakin magudana aka sake yi a ƙarshenta, bambancin da aka samu shi ne rabon da rairayi ya ci.

Akwai kuma sandar awo, wato allo mai zane-zanen santimita da ake kafawa a jikin bango. Tana daga cikin mafiya tsufa a kayan awon ruwa. A tsibirin Rauda da ke Alƙahira har yau akwai ginshiƙin awon kogin Nilu da aka gina a shekarar 861, wanda da shi hukuma take hasashen yabanya da harajin shekara. Sanda zurfi kawai take nunawa. Kafin zurfin ya zama lita, sai an haɗa ta da gini mai sananniyar siffa.

Shingen awo da maƙogwaro

Shingen awo faranti ne na ƙarfe da ake gittawa a magudana, an yanke masa tsaga a sama inda ruwa zai zubo. Wanda ya fi dacewa da ƙaramin ruwa shi ne mai tsaga kamar harafin V, mai kusurwar digiri 90. Idan ruwa ya hau santimita 10 sama da gindin tsagar, abin da ke wucewa ya kai lita 4 da ɗan ɗori a sakan. A santimita 15 ya kai lita 12, a santimita 20 kuma kusan lita 25. Ninka tsawon ruwa sau biyu yana ninka yawansa fiye da sau biyar, shi ya sa kuskuren yatsa ɗaya wajen karatu yake da tsada. Don ruwa mai yawa akwai shinge mai faffaɗar tsaga da gefuna a karkace, wanda ke ɗauke da sunan injiniyan Italiya Cesare Cipolletti.

Shinge yana da sharuɗɗa. Bakin tsagar ya kasance mai kaifi, farantin ya tsaya a miƙe, ruwa ya zubo ya faɗi ba tare da na ƙasa ya taɓo tsagar ba. Sandar karatu kuma a kafa ta can baya, nisan da ya kai ninki huɗu na tsawon ruwan, domin dab da tsagar saman ruwa yana lanƙwasowa. Maƙeri ko mai walda na gari zai iya yanka shi idan an ba shi ma'auni daidai. Matsalar shingen ita ce yana tara yashi a bayansa, kuma yana neman gangare, alhali filayen kwari shimfiɗaɗɗu ne.

Wannan matsala ce ta haifar da maƙogwaron awo. Maimakon a tare ruwa, sai a matse magudanar a wuri guda, ruwan ya ƙara gudu ya wuce, a karanta zurfinsa kafin matsin. Sananne a cikinsu shi ne wanda Ralph Parshall ya ƙera a jihar Kolorado ta Amurka a shekarun 1920. Gudun ruwan yana share yashi da kansa, kuma ba ya buƙatar gangare mai yawa. Sai dai gininsa yana son a bi ma'auni sau da ƙafa, kuma idan ya nutse ta gefe ɗaya a ƙasa mai laushi, karatunsa ya lalace. Akwai ƙanana na ƙarfe da malamin gona zai iya ɗauka a babur daga garka zuwa garka.

Kayan sarrafa ruwa

A ƙaramar garka, manomi da hauyarsa yake sarrafa ruwa. Ya fasa kunya ya shigar da shi fangali, ya toshe da ƙasa ya wuce gaba. Idan magudana ta zama ta mutane da yawa, sai a koma ga ƙofa, wato farantin ƙarfe ko katako da ke hawa da sauka a cikin tsagi. Yawan ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta ya danganta da girman buɗin da kuma tsawon ruwan da ke bayanta. Saboda haka buɗi iri ɗaya yana iya ba da ruwa mai yawa da safe, ya ba da kaɗan da yamma.

Maganin wannan shi ne a riƙe tsawon ruwa a babbar magudana ya tsaya wuri guda. Ana yin haka da ƙofar tarewa da ake gittawa a tsakiya, ko da dogon shinge da aka lanƙwasa kamar bakin agwagwa. Tsawon bakinsa yana sa ko ruwa ya ƙaru sosai, hawansa ba ya wuce ƴan santimita, kuma ba shi da abin da ke motsi balle ya lalace. Kamfanin Neyrpic na birnin Girenobil a Faransa ya ƙera ƙofofi masu tulun iska da ke buɗewa da rufewa da kansu bisa hawan ruwa, ba lantarki ba mai gadi. Shi ne kuma ya ƙera akwatin ƙananan ƙofofi jere, ta lita 5 da ta 10 da ta 15 da ta 30, kowace a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya. Mai rabo yana haɗa su ya fitar da adadin da ake so, ya sa kwaɗo. Wannan na'ura awo da rabo take yi a lokaci guda, kuma ko wanda bai yi boko ba zai iya ƙirga ƙofofin da ke buɗe.

Akwatin rabo yana kasa ruwa biyu ko uku a mararraba. Mutanen zangunan Tuwat da Gurara a saharar Aljeriya sun daɗe da nasu, dutse mai haƙora kamar matsefi, wanda ke raba ruwan ramukan ƙarƙashin ƙasa gwargwadon hakkin kowane gida. A Kadawa ta jihar Kano, inda ruwa ke zuwa daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974, manoma suna tsallako da ruwa daga magudana zuwa fili da lanƙwasassun bututan roba. Yawan bututan da kaurinsu su ne ma'aunin abin da kowa ya ɗiba.

Ga ƙasa mai rairayi kamar ta Matameye, tsarin da ake kira na Kalifoniya ya bazu a ƙananan garaken Nijar. Ana binne bututun roba daga rijiya, a fito da bakuna a wuraren da suka fi tudu, kowane baki da murfinsa. Ruwa yana isa kusa da fangali ba tare da ƙasa ta sha shi a hanya ba, kuma ana iya ɗaura wa bututun na'urar ƙidaya irin ta famfon gida. Wani ɗan Nijar, Abdu Maman Kane, ya ƙirƙiro hanyar kunna famfo da kashe shi daga nesa ta wayar salula, aikin da ya sa ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hasan na Biyu a 2015.

Tsari da kulawa

A manyan filayen gwamnati, hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 ita ce ke kula da gine-ginen ban ruwa, kamar na Birnin Ƙonni da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, da na Jiratawa kusa da Maraɗi da ke dogara da rijiyoyin burtsatse. Bayan taron ƙasa da aka yi a Damagaram a 1982, gudanar da filayen ya koma hannun ƙungiyoyin manoma. A can ana shan ruwa bi da bi, kowane rukuni da ranarsa da awanninsa, ana kuma biyan kuɗin ruwa kowace kaka. Rabon awanni yana zama adalci ne kawai idan ruwan da ke zuwa cikin awannin daidai yake, domin awa biyu a bakin magudana ta fi awa biyu a wutsiyarta. Rigimar na sama da na ƙasa daga nan take tasowa, kuma sandar awo da kowa zai iya karantawa ita ce shaidar da ke kashe ta. Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Najeriya ta tanadi a raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci, tare da musayar bayanan awo.

Kowace na'ura tana daɗewa gwargwadon kulawar da ta samu. Kafin a fara noman rani ana yashe magudana, a cire ciyawa da kacala, a kwashe yashin da ya taru a bayan shinge, a shafa wa ƙofofi mai, a sabunta fentin sandar awo, a tabbatar gindin zanenta yana daidai da gindin tsaga. Ana rubuta karatun kowace rana a littafi guda tare da awannin da inji ya yi da man da ya sha. A ƙarshen kaka, wannan littafin ne ke nuna wa ƙungiya lita nawa ta kashe a kan kowace hekta, wane sashe na magudana ya kamata a shafe da siminti ko a maye da bututu, da kuma girman filin da rijiyarta za ta iya ɗauka a rani mai zuwa.