Shehun Malami Osuntokun da Ƙidayar Masu Farfaɗiya a Ƙasar Ibarapa

A ƙasar Ibarapa ta Jihar Oyo akwai garuruwa biyu maƙwabtan juna, Aiyete da Igbo-Ora. Mutanensu Yarbawa ne, galibi manoma, cimarsu ɗaya, al'adarsu ɗaya. Amma da likitoci suka bi gida gida suna ƙidaya masu ciwon farfaɗiya, sai suka tarar a Aiyete mutum 37 ne cikin kowane dubu, a Igbo-Ora kuwa mutum 5 da 'yan kai. Wanda ya shugabanci wannan aiki shi ne marigayi Shehun Malami Benjamin Oluwakayode Osuntokun na Jami'ar Badun.

An haife shi a Okemesi ta ƙasar Ekiti a 1935, ya sami digirin likita a 1961, sa'an nan ya tafi Ingila ya ƙware a kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a birnin Newcastle. Abin da ya fara fito da sunansa shi ne binciken wata cuta mai sa tangaɗi wajen tafiya da raunin gani da ji, wadda ya danganta da gubar da ke cikin rogon da ba a sarrafa shi sosai ba.

To, amma aikin farfaɗiya ya fi wannan wuya. Mai ciwon ba kasafai yake zuwa asibiti ba. Dangi kan ɓoye shi saboda tsoron kada a guji aure a gidansu, mutane da yawa kuma sun ɗauka aikin iskoki ne, ko kuwa ana ɗaukarsa ta yawun bakin wanda ya faɗi, alhali ba a ɗauka. Saboda haka duk lissafin da aka yi daga littattafan asibiti ragagge ne. Ga shi kuma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan a lokacin ba su taka kara sun karya ba.

Nan ne haɗa kai ya yi rana. Osuntokun ya haɗu da Dokta Bruce Schoenberg na hukumar binciken lafiya ta Amurka, tare da goyon bayan Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, suka gwada wata dabara mai hawa biyu. Da fari ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba su zaga gidaje da takardar tambayoyi masu sauƙi. Wanda aka yi shakkarsa, sai a kai shi gaban ƙwararren likita ya duba shi. Abokan aikinsa na Badun, irin su Adeuja da Bademosi, su ma da su aka yi. An fara da Aiyete, aka buga sakamako a 1982. Na Igbo-Ora, inda aka bi mutum kusan 19,000, ya fito a 1987, shekarar da Schoenberg ya rasu. An yi amfani da irin wannan dabara a Sin da Indiya da Ekwado.

Me ya kawo wannan rata? Igbo-Ora ta daɗe da cibiyar lafiya ta Jami'ar Badun, inda ake awon ciki, da karɓar haihuwa, da rigakafi, da maganin zazzaɓin yara tun bai yi tsanani ba. Masu binciken sun jingina ƙarancin ciwon a can ga wannan kulawa. Lalle mutanen da aka ƙidaya a Aiyete ba su kai dubu ba, don haka ba a rantse da adadinsu. Duk da haka tazarar ta wuce a yi watsi da ita. Wani bincike da Adesola Ogunniyi ya yi tare da shi ya nuna cewa jijjigar da zazzaɓi ke sa wa yaro tana cikin manyan abubuwan da ke gabatar farfaɗiya. Watau wani kashi na ciwon da ake kai wa boka, ungozoma da maganin zazzaɓi suna iya tare shi tun daga tushe.

A ƙarshen rayuwarsa ya ƙulla wani aikin da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana, suka kwatanta cutar mantuwa tsakanin tsofaffin Badun da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis, aka ga ta fi ƙaranci a Badun. Osuntokun ya rasu a 1995, Ogunniyi ya ci gaba da riƙe aikin a Badun shekaru masu yawa bayansa.