Daga Barikin Dodan Zuwa Layin Karɓar Abinci: Gowon Da Ma'anar Nasara A Bangaskiyar Kirista

A kan titin Ran, kusa da Ƙofar Ran a birnin Bauchi, kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. Sojoji ne suka kashe Firayim Ministan a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Kisan nasa ya buɗe ƙofar rikicin da, cikin wata bakwai, ya ɗora wani Laftanar Kanar mai shekara 31, Yakubu Gowon, a kan kujerar mulkin Nijeriya. Tafawa Ɓalewa ya bar mulki a makara. Gowon kuwa ya bar shi da ransa, aka bar shi da aikin da ya fi wuya: ci gaba da rayuwa bayan faɗuwa, a kan idon duniya.

Gowon ya tashi ne a Wusasa da ke gefen Zariya, inda 'yan mishan na CMS suka koma da zama a 1929. Mahaifinsa, Yohanna, mai wa'azin bishara ne, shi kuma ya yi firamare a makarantar St Bartholomew kafin ya wuce kwalejin da ake kira Barewa a yau. A irin wannan gida, labarin da yaro ke fara ji shi ne na Yesu Almasihu, wanda ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, aikin da bawa ke yi, washegari kuma aka gicciye shi tsakanin masu laifi biyu. A idon wanda ya tsaya a wurin ran nan, an gama da shi. Kiristoci kuwa sun gaskata cewa a kan gicciyen aka ci nasara, tashinsa daga matattu kuma ya tabbatar da ita. Shi ya sa a wannan bangaskiya ba a hanzarin yanke hukunci a kan wanda ke ƙasa, ba a kuma ruɗuwa da wanda ke sama.

Jarrabawar farko da Gowon ya fuskanta ta nasara ce. Ranar 15 ga Janairun 1970 Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a Barikin Dodan da ke Legas, bayan wata 30 ana yaƙi. Gowon ya shelanta cewa babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ya yi afuwa, ya kuma sa sulhu da farfaɗowa da sake gini a gaba. Sai dai kalmar ba ta goge komai ba. Yunwa ta kashe yara ba adadi a yankin da aka killace, sojojin tarayya sun kashe fararen hula a Asaba a Oktoban 1967, kuma Inyamurai da dama fam 20 kacal aka ba su komai yawan ajiyarsu a banki. Daga baya Gowon ya nemi gafarar mutanen Asaba. Har yau akwai masu ganin hakan bai wadatar ba, kuma suna da hujjarsu.

Jarrabawa ta biyu ta faɗuwa ce, kuma da hannunsa a ciki. Ranar 1 ga Oktoban 1974 ya janye alkawarin miƙa mulki ga farar hula a 1976. Ƙorafin cin hanci ya yi wa gwamnoninsa katutu, bai sauya su ba, jiragen siminti kuma suka toshe tashar Legas. Ranar 29 ga Yulin 1975, yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, aka hamɓarar da shi. Wanda ya karanta sanarwar a rediyo shi ne Kanar Joseph Garba, kwamandan rundunar da ke tsaron lafiyarsa. Gowon bai kira kowa ya ɗauki makami ba. Ya gaya wa 'yan jarida ya karɓi abin da ya faru, ya kuma yi mubaya'a ga sabuwar gwamnatin Murtala Muhammed.

Daga nan ya wuce Ingila, ya shiga Jami'ar Warwick a matsayin ɗalibi yana da shekara 40 da ɗoriya. Jaridu suka buga hotonsa riƙe da faranti a layin karɓar abinci, 'yan Nijeriya da yawa suka ɗauki hoton abin kunya ga ƙasa. Abin bai tsaya nan ba. Bayan kisan Murtala ranar 13 ga Fabrairun 1976, Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya ambaci sunansa. Gowon ya musanta, amma aka tuɓe masa muƙamin Janar, aka neme shi ruwa a jallo. Sai a 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa, muƙamin kuma sai a 1987 aka mayar masa. A tsakanin nan ya kammala digirin digirgir a kimiyyar siyasa, ya kuma yi hidima a matsayin mai kula da harkokin wani coci a arewacin Landan.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye faɗuwar manyansa ba. Bitrus ya yi cika-bakin ba zai taɓa juya wa Yesu baya ba, a dare guda ya yi musun saninsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi. Shi ne kuma daga baya aka danƙa wa kiwon garken. Yahuza ma ya yi nadama, amma bai dawo ba. Malaman Kirista kan ce bambancin mutanen biyu yana ga inda kowannensu ya kai laifinsa. Tawali'u a wannan koyarwa ya haɗa da amsa kuskure ba tare da neman wanda za a ɗora wa ba, da kuma yarda a yi ƙaramin aiki bayan an saba da babba.

Ƙaramin aikin da Gowon ya karɓa shi ne yaƙi da kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu cutar sama da 650,000 a Nijeriya. Tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, ya riƙa shiga ƙauyuka yana roƙon masu gari da gwamnoni a tace ruwan sha, a haƙa rijiyoyin burtsatse. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar. A 1996 kuma ya kafa ƙungiyar Nigeria Prays, mai tara jama'a domin yi wa ƙasa addu'a.

Ma'aikacin tarayya a Abuja ya san yadda kujera ke suɓucewa. Bayan faɗuwar Gowon an sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take, wasunsu a rediyo suka ji sunayensu. Yau ma takardar sauyin wurin aiki guda ɗaya, ko saukar minista, ta isa ta sa wayar hadimi ta daina ƙara. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Gowon ya yi shekara 9 a Barikin Dodan, ya kuma yi kimanin 50 a wajensa. Tarihi na nan yana auna shekarun taran da alherinsu da jininsu. Bangaskiyar da ya taso cikinta a Wusasa kuwa tana ƙara wata tambaya a kan ma'aunin: me mutum ya yi da ranar da aka karɓe motar ofis, aka miƙa masa faranti?