Maganin Ƙuma a Jikin Kare

Manomi wanda ke ajiye kare don tsaron gona daga birai, da mafarauci, da makiyayi, duk sun san wahalar ƙuma. Kare mai ƙuma ba ya barci, ba ya tsaro, sai susa dare da rana har gashi ya zube, fata ta yi gyambo. Kwikwiyo kuwa, idan ƙuma ta yi masa yawa, takan tsotse jininsa har ya mutu. Ban da haka ƙuma tana ɗauke da wata tsutsar ciki mai gaɓa-gaɓa. Kare yakan haɗiye ƙumar sa'ad da ya ke cizon jikinsa, tsutsar ta girma cikin hanjinsa. Yaro ƙarami ma yana iya kamuwa idan ya haɗiye ƙumar bisa kuskure.

Kafin a nemi magani, ya kamata a san halin abokin gāba. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai har 50 a rana. Ƙwan ba ya mannewa a jikin kare, sai ya zuba ƙasa inda ya ke kwanciya. Can ya ke ƙyanƙyashe 'yar tsutsa, ita kuma ta naɗe kanta cikin saƙa, ta fito cikakkiyar ƙuma. Da damina, saboda ɗumi da laima, duk wannan yakan ƙare cikin mako biyu ko uku. Watau ƙumar da a ke gani a jikin kare kaɗan ce, mafi yawa suna cikin ƙurar makwancinsa.

To, ga dalbejiya, wadda wasu ke kira maina. Asalinta itacen ƙasar Indiya ne, amma yau da wuya a sami garin da babu ita a ƙasar Hausa. A shekarar 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fāra ta cinye kowane ganye amma ta bar dalbejiya. A 1968 masana a Ingila suka ware sinadarin da ke cikin ƙwayarta, wanda ke hana ƙwari ci, ya kuma tauye girmansu.

Ga yadda a ke samun man. A tsinci 'ya'yan da suka nuna, a wanke naman, a shanya a inuwa, a fasa ɓawon, a daka ƙwayar, sa'an nan a murza da ruwa kaɗan kamar yadda mata ke matse man gyaɗa. Ba a shafa shi tsagwaronsa. A gauraya cokali 1 da cokali 10 na man gyaɗa, a fara gwadawa a wuri kaɗan. Idan an kwana fatar ba ta yi ja ba, sai a shafa kaɗan a ƙeya da gadon baya, nesa da ido da baki da gyambo. Mai shafawa ya wanke hannu da sabulu.

Lalle a yi hattara da mayukan ƙamshi na ƙananan kwalabe, irin su man kanumfari da man itacen turare. Suna da ƙarfi ƙwarai, suna ƙona fata, idan kare ya lashe kuwa sukan sa shi amai da makyarkyata. Kyanwa ta fi kare shiga haɗari, gama hantarta ba ta iya sarrafa su. Kada a sa wa kwikwiyo ko karya mai ciki kowane irin mai. Kananzir da baƙin mai da fiya-fiya kuwa dafi ne, ba magani ba.

Amma a sani, mai korar ƙuma ya ke yi na ɗan lokaci, ba ya gamawa da ƙwan da ke ƙasa. Saboda haka a riƙa wanke kare da sabulu, a share makwancinsa kullum a ƙone sharar, a wanke buhun da ya ke kwanciya a kai da tafasasshen ruwa, a shanya a rana. Idan aka yi mako uku susa ba ta ragu ba, ko dasashin kare ya yi fari, sai a kai shi wurin likitan dabbobi, gama akwai magunguna masu kashe ƙuma sarai. Rigakafi dai ya fi magani.