Tarka: inda gona ta yi iyaka da makiyaya

Duk wanda ya je kasuwar Madawa ya san albasar kwarin Tarka, amma kaɗan ne suka san ƙasar da ke ɗauke da wannan suna can arewa, a yammacin Damargu cikin jahar Damagaram. Daga wajejen nan kwarin ya gangaro, ya ratsa ƙasar Dakwaro da ta Madawa, har ya shiga Najeriya.

Tun zamanin da, Damargu rumbun Abzin ce. Hausawa da Dagirawa ke noman hatsi, Abzinawa kuwa su zo da raƙuma ɗauke da gishirin Bilma da dabino, su koma da cimaka. Ayarin da ke tsakanin Kano da Tarabulus ta Damargu yake bi. Bature Heinrich Barth ma ta nan ya ratsa a watan Janairu na 1851. Wannan arziki bai zo da kwanciyar hankali ba, domin talaka yakan biya masu takobi kafin ya ci guminsa.

Sojojin Faransa sun kama Damagaram a 1899. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai fataucin hamada ya durƙushe, ƙauyukan da ke cin albarkar ayari suka koma dogaro da damina kaɗai. Bayan samun mulkin kai, dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta keɓe abin da ke bayanta ga makiyaya. Amma farin 1973 da na 1984 sun halaka dabbobi, masu garke da yawa suka ɗauki hauya, gonaki suka yi ta cin burtali da mashaya. Daga nan ne mafi yawan rigingimun manoma da makiyaya suka samo tushe, abin da dokar tsarin karkara ta 1993 ta nemi magancewa.

Tarka ta zama ƙaramar hukuma a 2002, da mazauninta a Balbaji. A 2011 aka cire Balbaji daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta.

Sai dai tarihin rijiyoyi da burtalolin Tarka yana bakin tsofaffi ne, kuma da shi ake raba gardamar ƙasa. Ya kamata hukuma da malaman lakwal su rubuta shi tun masu shaida suna raye.