Rodaj: Kwanakin farko da ke yanke wa sabon babur hukunci

Tun daga watan Afrilun 2025 da aka buɗe gadar nan mai tsawon mita 620 a kan kogin Logone, wadda ta haɗa Yagwa da garin Bongor na ƙasar Cadi, aikin babur ya ƙara sauƙi ga fataken wannan yanki na Mayo-Danay. A da sai an sauke kaya a bakin ruwa an jira kwalekwale ko jirgin fito, yanzu kuwa in ban da tsayawa wajen jami'an kwastan, mai babur kan ɗauko kaya daga wannan kasuwa ya dire su a waccan. Shi ya sa ɗan kasuwa da ya ɗan samu rara, abin da ya fi saurin faɗo masa a rai shi ne ya sayi sabon babur, ko dai don jigilar hajarsa, ko kuma ya bai wa wani yaro yana kilando yana kawo masa balas.

Sai dai abin da ke ɗaure wa mutane da dama kai shi ne, za ka ga babura biyu iri ɗaya, ko TVS ne, ko Boxer, ko Haojue, an kwance su daga kwali rana guda, amma kafin shekara ta zagayo ɗaya ya fara tayar da hayaƙi yana shan baƙin mai, ɗayan kuwa ko murfin injinsa ba a taɓa buɗewa ba. Wasu su ce sa'a ce, wasu su ce jabu aka haɗa mutum da shi. Jabu dai akwai shi, ba a musu. Amma sau da yawa bambancin yana cikin yadda aka bi da injin ne a kilomita 1,000 na farko, lokacin da makanikanmu ke kira rodaj da yaren Faransa, wato horar da sabon inji.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Duk wanda ya taɓa leƙa sabuwar silinda zai ga bangonta ba sumul yake ba, akwai wani zane-zane siriri mai kama da saƙar tabarma, wanda kamfani ya yi da gangan. Amfaninsa biyu ne: yana riƙe baƙin mai, sannan yana aiki kamar zarto mai laushi, yana goge zobban fistin, waɗanda a nan aka fi sani da segman, har su zauna daram da bangon. Wannan guga ta ɗan lokaci ce. Idan zobban suka zauna kafin kaifin zanen ya mutu, injin zai riƙe iska da kyau, ya yi ƙarfi, ya kuma rage shan fetur. Idan kuwa kaifin ya mutu ba su zauna ba, to an bar kafa ke nan, wuta na zurarewa ƙasa, mai na hawowa sama yana ƙonewa, kuma babu maganin da za a zuba ya gyara sai an sake kwance inji.

Abin da ke danna zobban jikin bango shi ne ƙarfin wutar da ke tashi a saman fistin, wadda ke zagayawa ta bayansu ta tura su waje. Ke nan injin da ba ya jan komai, zobbansa ba su samun matsin da suke bukata. Daga nan mai karatu zai gane illar al'adar nan da ta zama ruwan dare, ta kafe sabon babur a gindin bishiya a tayar da shi a bar shi a sulo na sa'o'i, wai ana yi masa rodaj. Wannan ɓarnar fetur ce da ɓarnar inji. Bayan rashin matsi, waɗannan babura iska ce ke sanyaya su, ba su da tankin ruwa irin na mota, kuma babur da ke tsaye ba iskar da ke kaɗa shi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Yagwa ke haura maki 40, mai kan ƙone a bangon silindar ya bar wani santsi mai ƙyalli kamar an shafa fenti, ya toshe zanen nan baki ɗaya.

A masana'antu da wuraren masu tseren babur, akwai na'urar da ake wannan aiki a kanta, sunanta dinamomita. Asalinta tsoho ne, domin tun a 1821 wani injiniya Bafaranshe mai suna Gaspard de Prony ya ƙirƙiro hanyar auna ƙarfin inji ta hanyar matse shi da birki a ga nauyin da zai iya ja. Ta zamani kuwa wata ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe a kwance, a ɗora tayar baya a kanta, a ɗaure ta gaba, a kunna babbar fanka tana hura injin, sannan a hau a ba shi wuta kamar ana tafiya a titi alhali bai motsa ko taku ɗaya ba. Kwamfuta ce ke lissafa saurin da tayar ke juya gangar, ta fitar da ƙarfin injin a ma'aunin doki. Doki ɗaya a lissafin Ingilishi kusan wat 746 ne, a na Faransawa kuma kusan 735. Ƙaramin babur mai sisi 100 irin na 'yan kilando ƙarfinsa kusan doki 8 ne, shi ma sai injin na juyawa wajen sau 7,500 a minti ɗaya, kuma wanda ke isa ƙasa bai kai haka ba, domin giya da sarƙa da taya kowanne na cin rabonsa.

Masu yin rodaj a kan wannan na'ura ba su barin inji a sulo, ba su kuma riƙe shi a gudu ɗaya. Sukan ɗumama shi, su ɗora masa nauyi matsakaici, su ba shi wuta ya hau, su saki totur ya sauko da kansa, su maimaita, sannan su kashe shi ya huce sarai kafin a sake. Bayar da wuta na danna zobba, sakin totur kuma na jawo mai sama ya wanke ɓarɓashin ƙarfen da aka goge. Kuɗin na'urar ya fi na babura da yawa a haɗe, don haka ba kayan garejin bakin titi ba ce. To amma darasin da ke cikinta kyauta ne, kuma duk mai hanya a gabansa zai iya kwaikwayonsa.

Wani hanzari ba gudu ba, akwai muhawara a tsakanin masana kan wannan batu. Wasu masu tsere na ganin gara a matsa wa sabon inji tun a kilomitocin farko don zobba su zauna da wuri, kamfanoni kuma a littattafansu na cewa a bi a hankali. A ganina ɗan kasuwa ba shi da hurumi a wannan gardama. Mai tsere yana kwance injinsa a kai a kai, yana da na'urar da ke nuna masa zafi, kuma in ya fashe ba abincin iyalinsa ya fashe ba. Wanda ya haɗa kuɗin adashi ya sayi babur, ya bi littafin da ya zo cikin kwali. Galibinsu na kayyade gudun ƙaramin babur a wajen kilomita 40 zuwa 50 a sa'a a lokacin rodaj, tare da gargaɗin kada a murɗe totur har ƙarshe. Abin da za a ƙara a kai kawai shi ne a riƙa sauya giya da gudu, kada a kama hanyar Kaele a miƙe a giya ta huɗu ba ɗagawa, kuma a riƙa tsayawa bayan kamar rabin sa'a injin ya sha iska.

Babbar matsalarmu a nan ma ba gudu ba ce, lodi ne. Nauyin da ake rubuta wa waɗannan ƙananan babura galibi bai wuce kilo 150 ba, har da mai tuƙin. Amma a lokacin girbin shinkafar gonakin SEMRY, daga nan har Maga, ba abin mamaki ba ne ka ga sabon babur ko ledar kujerarsa ba a cire ba, an ɗaura masa buhu uku, ga direba, wani lokaci har da mai kayan a sama. A shiga rairayi ko laka da wannan nauyi a babbar giya, injin na gurnani yana fizga, a nan ne ake yi wa fistin da kwanrod lahanin da ba zai bayyana ba sai bayan wata shida. In dai tilas ne a hau tudu ko a ratsa yashi, to a sauko ƙaramar giya injin ya juya sakayau. Hakan ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai batun juye, wanda muke kira vidanj. Baƙin man da ke cikin irin wannan inji kusan lita ɗaya ce tak, kuma ita ce ke hidimar inji da giya da kuloci gaba ɗaya. Da yawa daga baburan Sin an kwaiko injinsu ne daga Honda CG125 na 1975, wanda ba shi da matatar mai ta takarda, sai 'yar raga da wani kofi mai juyawa da ke tara datti. Duk garin ƙarfen da rodaj ya haifar a cikin wannan 'yar lita yake yawo. Saboda haka juyen farko kada ya wuce kilomita 500, a kuma tsaya a gani da ido: a haska tsohon man a rana, za a ga yana walƙiya. A sake wani a kilomita 1,000. A nemi mai na gwangwani a rufe, mai lamba 20W-50 ko wadda littafin ya faɗa, kuma mai tambarin JASO MA, domin wasu mayukan mota na sa kuloci santsi. Na kwalba da ake aunawa a bakin hanya, ba ka san daga injin da aka tatso shi ba.

A wannan juyen na farko ne kuma ya kamata makanike ya duba bawul. Tazarar da ake bari a wurin kusan kaurin gashin kai ɗaya ce, kuma takan sauya yayin da sassan ke zama. In ta matse, babur zai riƙa wuyar tashi, daga baya bawul ya ƙone. A bi notuna da sarƙa da wayoyin taya a ɗaure, domin gwajin da aka yi wa injin a masana'anta bai shafi haɗin da yara suka yi masa a kasuwa ba.

Fetur ma abin lura ne. Zuwa-zuwa shi ne man da akasarin baburan arewacin Kamaru suka saba sha, kuma tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya a ranar 29 ga Mayun 2023 farashinsa ya tashi. Mai kyau a cikinsa ba ya da laifi. Wanda aka gauraya da kananzir kuwa yana sa inji ƙwanƙwasa da zafi, yana kuma wanke man da ke bangon silinda a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A makonni biyun farko dai gara a daure a sha a gidan mai. Da hunturu kuma a riƙa duba soson iska, domin ƙurar da ta wuce shi ta shiga silinda, yashin guga ce.

Mai saye kuma ya tambaya: a kwali babur ya iso, ko tuƙo shi aka yi? Wanda aka tuƙo ta daji daga kan iyakar Najeriya, ana sauri ana kauce wa shinge, ya riga ya ci ɗaruruwan kilomita na rodaj ɗinsa a mafi munin hali, kuma in ba a jona wayar mita ba agogon zai nuna sifili. Gashin taya da launin bakin salansa da man da ke ciki sun fi agogon faɗin gaskiya. Irin wannan babur ba shi da takardar garanti da za ka kai ƙara da ita.

Daga ƙarshe akwai abin da ke hannun mai babur shi kaɗai. Yaron da aka ɗora wa cikakken balas tun ranar farko ba zai ƙi fasinja biyu ba, ba zai ƙi buhu ba, ba zai tsaya inji ya huce ba, kuma ba laifinsa ba ne. Idan yana cin kilomita 100 a rana, kwana goma ya gama rodaj. A rage masa balas na waɗannan kwanaki, a ce fasinja ɗaya ban da lodi, mai babur ya biya kuɗin juye biyun daga aljihunsa, a kuma yi wannan magana gaban shaidu tun kafin a miƙa makulli.