Ga Mai Ɗaga Ƙarfe da Jikinsa Ya Daina Ƙaruwa

Ɗan'uwa, in ka taɓa sauka Yawunde ka san Briketeri, unguwar Hausawa mai masu tsire da kilishi da teloli. Kusa da ita akwai babban gidan wasanni da aka buɗe a 2009. Samarinmu da suka tafi neman kuɗi can, da yawa sun koyi ɗaga ƙarfe. Wasu a gidan motsa jiki, wasu a bayan gida da siminti da aka zuba cikin gwangwani. Wataƙila kai ne, ko ɗanka, ko ƙanenka.

Wani saurayi ya dawo gida daga can, aka kawo shi asibiti hannuwansa a kumbure, fitsarinsa kamar shayi. Shekara huɗu yana ɗagawa. Da ya ga damtsensa ya tsaya, sai ya ninka aikin a rana ɗaya, ya haɗa da ƙwayoyin da abokinsa ya ba shi. Tsokarsa ta farfashe, dattinta ya cika ƙoda. Ya warke, amma da ƙyar.

Me ya sa jiki ke tsayawa?

A shekarar fari, ko me ka ɗaga tsoka tana girma. Bayan shekara biyu ko uku jiki ya saba, ƙarin sai kaɗan kaɗan. Wannan ba ciwo ba ne. A nan ne ake bukatar tsari.

Yadda za ka tsara aikinka

Ɗagawa a jere ba hutawa, ita muke kira zubi ɗaya. A kowane zubi ka ɗaga sau 6 zuwa 12, ka aje tun kana da ƙarfin ƙara ɗaya ko biyu. Ka huta minti 2 kafin zubi na gaba.

Kowace tsoka, ƙirji ko baya ko cinya, ta samu zubi 10 zuwa 20 a mako, a raba kwana biyu. Misali: Litinin da Alhamis ƙirji, baya da hannu, Talata da Juma'a ƙafafu da ciki. Sauran kwanakin hutu ne. In aikinka dako ne ko noma, ka tsaya kusa da 10, domin jikinka ya riga ya sha aiki.

Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta nauyin da ka ɗaga da sau nawa. Ranar da ka kai 12 a dukan zubi, ka ƙara kilo 1 ko 2, ka koma 8. Bayan mako 5 ko 6, ka yi mako guda kana yin rabin aikin. A lokacin hutu da barci ne tsoka ke ginuwa, saboda haka ka samu barcin awa 7 zuwa 9. In kana azumi, ka rage aiki, ka yi shi bayan shan ruwa.

Abinci

Tsoka tana son furotin, wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyin jikinka a rana. Mai kilo 70 yana bukatar kusan giram 110. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Giram 100 na dafaffen nama marar kitse yana da wajen 25. Wake, ƙosai, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono da busasshen kifi duk suna taimako, kuma sun fi garin gwangwani araha. Ka raba su cikin ci uku ko huɗu, tare da tuwo ko shinkafa har ka ƙoshi.

Abin da za ka guje wa

Allurar ƙara tsoka, wadda ake kira sitiroyid, tana kumbura jiki da sauri. Amma tana kawo hawan jini, tana lalata zuciya da hanta, tana ƙanƙantar da maraina har haihuwa ta yi wuya. In kuka yi tarayya da allura ɗaya, ciwon hanta da ƙanjamau suna iya bi.

Ƙwayar dexamethasone da ake sha don ƙiba ba ta gina tsoka. Fuska da ciki take kumburawa, ta rame hannu da ƙafa, ta tada sukari. In ka daɗe kana sha, kada ka daina farat ɗaya. Ka zo a rage maka sannu sannu. Tramol kuma ɓoye zafi yake yi, sai ka ci gaba da ɗagawa da rauni ba ka sani ba.

Ka zo asibiti nan da nan in ka ga:

fitsari ya yi duhu bayan ɗagawa;
kumburi a matsematsi ko cibiya, musamman in ya ƙi komawa ko ya zo da amai;
ciwon ƙirji, jiri ko numfashi da ƙyar;
ciwon baya mai sauka ƙafa tare da mutuwar jiki.

In ka zo, ka faɗa mana gaskiyar abin da ka sha, ka kawo kwalin. Ba faɗa za mu yi maka ba. Iyaye kuma, in ɗanku ya dawo daga birni jikinsa ya canza cikin 'yan watanni, ga ƙuraje a baya, ga saurin fushi, ku tambaye shi cikin lalama, ku kawo shi a auna jininsa. Sannu ba ta hana zuwa.