Abin Da Ke Sa Ganyen Dashe Ya Yi Rawaya

Mu manoman rani mun san wahalar renon iri. Mukan sayi irin tumatir ko tattasai ko attarugu da kuɗi masu yawa, mu gyara wuri, mu yafa, mu yi ta ban-ruwa safe da maraice. Wata rana sai mu tarar ganyen ya fara yin rawaya. Nan da nan hankali ya tashi, domin in dashen ya mutu an yi hasarar kuɗi, kuma lokacin dasawa ya wuce.

Da yawa daga cikinmu da zarar mun ga haka sai mu ƙara ruwa, ko mu zuba takin zamani. Sau da yawa kuwa wannan shi ne ke ƙarasa kashe shukar. Mai magani ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Saboda haka kafin mu yi kome, mu tsuguna mu duba da kyau. Abu uku za mu duba: wane ganye ne ya yi rawaya, yaya ƙasa take, yaya kuma saiwa take.

Ganye biyu na fari

In iri ya tsiro, ganye biyu ne ke fara fitowa, 'yan siriri, ba su da yatsu irin na ganyen tumatir. Waɗannan guzurin shuka ne, daga cikin ƙwayar iri suka fito. In ganyen gaskiya ya fito ya kama aiki, sai su yi rawaya su faɗi. Wannan ba ciwo ba ne. In su kaɗai ne suka sake launi, sauran kuwa suna nan kore shar, to, mu kwantar da hankalinmu.

Yawan ruwa

Wannan shi ne ya fi kama mu. Saiwa tana shan ruwa, amma kuma tana bukatar iska kamar yadda muke bukata. Akwai 'yan ƙananan ƙofofi cikin ƙasa inda iska ke zama. In ruwa ya cika su kullum, saiwa ba ta samun iska, sai ta fara ruɓewa. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jawo abinci, don haka ganye ya yi rawaya, ya yi laushi, ko da ƙasa tana jiƙe.

Ga yadda za mu gane. Mu tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta fari. In mun ji danshi, ba a bukatar ruwa yau. Sa'an nan mu tuge shuka ɗaya a hankali. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ƙarfi. In ta yi baƙi-baƙi, tana wari, tana saɓulewa a hannu, ruwa ya yi yawa. Wani lokaci ma sai gindin karan ya tsuke, shukar ta kwanta. Maganinsa a rage ruwa, a buɗe hanya ya wuce. Waɗanda ke reno a gida cikin gwangwani ko tsohuwar tukunya, lalle su huda gindinta.

Yunwa

In ƙasa ba ta cika ruwa ba, saiwa kuma fara ce, amma ganyen ƙasa, watau tsofaffi, sun yi rawaya gaba ɗaya, shukar kuma ba ta girma, to, yunwa ce. Akwai wani abinci da masana ke kira naitirojin, shi ne ke sa ganye ya yi kore. In ya ƙare cikin ƙasa, sai shuka ta kwashe na tsofaffin ganye ta kai wa sababbi. Shi ya sa rawayar take farawa daga ƙasa, tana hawa sama. Ƙasa mai yashi ta fi yin haka, gama ruwa yana wanke abincin da ke cikinta.

Takin yuriya yana da naitirojin kashi 46 cikin 100, saboda haka yana da zafi ƙwarai. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ya isa bokiti mai lita 10. A dama shi ya narke sarai, a zuba a gindi da maraice, sa'an nan a yayyafa tsabtataccen ruwa a wanke ganye. Bayan kamar mako ɗaya mu duba sabon ganye. In ya fito kore, mun dace. Tsohon da ya riga ya bushe ba zai komo ba.

Rawaya daga sama

Wani lokaci kuma sababbin ganye na sama ne ke yin rawaya, amma jijiyoyinsu suna nan kore kamar an zana. Wannan ba ciwon da yuriya ke warkarwa ba ne. Shukar ta rasa sinadarin ƙarfe. Sau da yawa yana nan cikin ƙasa, saiwa ce ta kāsa ɗaukarsa, ko don an cika toka a wurin, ko ƙasar mai kanwa ce, ko kuwa ruwa ya kwanta. Mu daina zuba toka, mu rage ruwa, mu sa ruɓaɓɓen taki. In wurin mai kanwa ne, baɗi mu sake wuri.

Yawan taki

Kome ya yi yawa ɓarna yake yi. In bakin ganye ya ƙone kwana biyu ko uku bayan mun sa taki, taki ne ya yi yawa. Ɗanyen kashin kaji ma yana yin haka. A nan sai a ba ƙasa ruwa sosai sau ɗaya don ya wanke takin, a bar shi ya tsane.

Rashin rana

Mukan rufe iri da ciyawa ko buhu don ya tsiro. Daidai ne, amma da ya tsiro sai a yaye. Dashen da aka bari cikin ɗaki, ko ƙarƙashin inuwa mai duhu, yakan yi tsawo, ya yi siriri, ya koɗe. Haka kuma in an cika iri wuri ɗaya, suna tare wa juna rana. Mu rage su, mu riƙa fito da su hantsi kaɗan kaɗan har su saba.

Ƙwari da cuta

Kada mu manta mu juya bayan ganye. A can darɓa da farin ƙuda ke ɓuya suna tsotse ruwan shuka. Farin ƙuda ya fi haɗari, domin yana ɗauke da cutar da ke sa ganyen tumatir ya nannaɗe, ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya. Shukar da ta kamu ba ta warkewa. A tuge ta a binne nesa, kada a kai ta gona.

In mun ga farin tabo cikin ganye, da 'yar tsutsa a ciki, wannan ita ce wadda manoma ke kira sharon. Ita ce ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina a shekarar 2016, har tumatir ya yi tsada ƙwarai. In kuwa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, wata tsutsa ce ta cikin ƙasa wadda ido ba ya gani. Kada a sake reno a wurin. A kan waɗannan duka mu nemi malamin gona kafin mu sayi maganin feshi.

Abin da za mu riƙe

Magani ɗaya za mu yi a lokaci ɗaya, mu jira kwanaki mu ga abin da ya biyo baya. In mun ƙara ruwa da taki da feshi duk rana ɗaya, ba za mu san wanda ya yi amfani ba, ba kuwa za mu san wanda ya yi ɓarna ba. Tumatir yakan isa dasawa cikin mako 4 zuwa 5, tattasai kuwa mako 5 zuwa 6. In ya daɗe fiye da haka a wurin reno, abinci zai ƙare masa, ya yi rawaya. Mu rubuta ranar da muka yafa iri a littafinmu, tun da yanzu mun iya rubutu.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku za mu duba in ganye ya yi rawaya?
2. Yaya launin lafiyayyar saiwa yake?
3. Don me rawayar yunwa take farawa daga ganyen ƙasa?
4. Me za mu yi da shukar da ganyenta ya nannaɗe?